TARIHIN KWANAN DAJI DA TSORON KURA A ƘASAR YAMAI



A wannan fitowa ta takardar ƙungiyarmu muna so mu waiwaya baya kaɗan, mu yi magana a kan wani abu da kakanninmu suka sha fama da shi, mu kuwa yau sai a tatsuniya muke jinsa, watau kwana a daji alhali kura tana kuka a kusa. Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne, kowace shekara in kaka ta yi, aka ce samarinmu na nan Bobiel su je gida su taya girbi, su kwana a gona wajen dammunan gero, sai ka ji ana ja da baya, wai akwai namun daji. Dattawa kuma sai su hau faɗa, suna cewa yaran yanzu matsorata ne, su a zamaninsu ba su san tsoro ba. To, mu dai a namu gani, kowane ɓangare akwai gyara a maganarsa. Mutanen da sun ji tsoron kura ƙwarai da gaske, suna kuwa da hujja. Abin da suka fi mu da shi shi ne sun san yadda ake kwana, sun san wanda kura take ɗauka da wanda take bari.

Bari mu fara da nan inda muke zaune. Wanda ya shigo Bobiel yau, ya ga gidajen siminti da shaguna da fitilun lantarki da ƴan kabu-kabu suna ta kai da kawowa, da ƙyar zai yarda in aka ce masa wurin nan gonaki ne da saura da dajin geza da sabara. Ita kanta Yamai ai ba tsohon birni ba ne kamar Kano ko Katsina ko Agadas. Ƴan ƙauyuka ne na bakin kogi, sai Faransawa suka zo suka kafa bariki a farkon ƙarni na 20. A 1911 suka mai da hedkwatarsu Damagaram, a 1926 suka dawo da ita Yamai. Sa'ad da aka sami ƴancin kai a 1960 mutanen garin ba su wuce wajen 30,000 ba, amma a ƙidayar 2012 sun haura miliyan ɗaya. Saboda haka duk wannan tudu na arewa da gari, wajen da hanyar Walam ta fita, bayan gari ne a da. Mai zuwa daga wajen Walam ko Simiri da ƙafa ko da jaki, in rana ta faɗi bai kai gari ba, a irin wannan wuri zai sauke kayansa.

MASU KUKA DA DARE

Abu na farko da ake koya wa yaro matafiyi shi ne rarrabe murya, domin ba duk mai kuka da dare ne abin tsoro ba. Dabbobi uku ne mutane suke cakuɗawa.

Na farko dila. Ƙaramin abu ne, nauyinsa kilo 7 zuwa 15, bai kai ƙaton karen gida ba. Shi ne mai yawan surutu bayan magariba da kuma goshin asuba: ɗaya ya fara, sauran su amsa, biyu ko uku su cika daji kamar su goma ne. Abincinsa ɓera da gafiya da fara da ƙadangare da ƴaƴan itace, in ya sami kaza ko ɗan akuya kuma ba ya bari. Amma ba ya tunkarar babban mutum, sai fa in ya haukace. A Amurka akwai wani ɗan'uwansa da suke kira koyoti, kuma a 2015 masana da suka bincika jinin dabbobin suka gano cewa dilanmu ya fi kusa da koyoti da kyarkecin Turai bisa ga dilan ƙasashen Asiya. Turawan can masu zuwa kwana a tanti cikin daji don shaƙatawa, su ma suna firgita da kukan koyoti kamar yadda yaranmu suke firgita da na dila. Duk da haka, da yawan koyoti da yawan masu kwanan tantin, mutum biyu kaɗai aka tabbatar ya kashe: wata ƙaramar yarinya a Kalifoniya a 1981, da wata budurwa a Kanada a 2009.

Na biyu sayaki, mai zane-zane a jiki da geza a gadon baya. Nauyinsa wajen kilo 35. Shi kaɗai yake yawonsa, mushe da ƙashi yake nema, ba shi da yawan kuka, yakan ɓuya da rana a ramuka da kogunan duwatsu. Yakan yi ɓarna a garken awaki, amma da ya ga mutum a tsaye sai ya kauce.

Ta uku ita ce uwar tafiya, kura mai dabbare-dabbare, wadda Zabarmawa suke ce wa koro, Fulani su ce fowru, mu kuwa har sunayen sakaya muka ba ta, irin su Amina da Burungu. Takan kai kilo 60, wata ma ta fi haka, kuma mace ta fi namiji girma. Haƙoranta suna fasa ƙashin ƙafar sa. Kukan nan nata mai tashi daga ƙasa ya yi sama, ana jinsa daga nisan kilomita 5 in dare ya yi tsit. Mun saba cewa kura mushe take ci, amma wani masani mai suna Hans Kruuk, wanda ya shekara da shekaru yana bin kuraye a ƙasar Tanzaniya, ya nuna a littafinsa na 1972 cewa yawancin abin da take ci ita take farauto shi da kanta. Makiyayanmu sun riga shi sanin haka, sai dai su ba su rubuta ba.

Halinta da mutum kuwa sananne ne. Ba ta afka wa wanda yake a farke da sanda a hannu. Kewaye take yi, ta matso, ta ja da baya, ta sake matsowa, tana auna mutum. In ta tabbata barci ya yi nauyi, sai ta fara da abin da ke gefe, takalmin fata, ko salka, ko igiya, ko ƙwaryar da aka ci tuwo ba a wanke ba. In ta kai ga mutum, abin da ke waje da mayafi take kamawa, yawanci fuska ko kai, ta fizga ta gudu. Yaro kuwa ɗauke shi take yi gaba ɗaya.

ZANGON FATAKE

Waɗanda suka fi kowa sanin maganin wannan abu su ne fatake masu zuwa Gwanja sayen goro. A ƙarni na 19 ayarin Kambarin Barebari da Agalawa da Tokarawa yakan tashi daga Kano ko Katsina ko Sakkwato da kanwa da tufafi da fatu, ya ƙetare Kwara, ya bi ta ƙasar Bargu ko ta Gurma har Salaga, tafiyar watanni. Ɗaya daga cikin mashigan kogin ita ce Sayi, wadda ke kudu da Yamai da wajen kilomita 55. A nan ne Bature Barth, wanda aka sani da suna Abdulkarim, ya ƙetare a watan Yuni na 1853. Kafin shi, a 1826, wani Bature Clapperton ya gamu da ayarin Hausawa a Kayama ta ƙasar Bargu suna dawowa daga Gwanja, maza da mata fiye da 1,000, da dabbobi kamar yawansu. Ku duba fa, mutum dubu da jakai da takarkarai, suna kwana a fili dare bayan dare, cikin dajin da kura da zaki suke a cike.

Yaya suke yi? Ayari ba taron yuyuyu ba ne. Akwai madugu, shi ne uban tafiya, maganarsa ce yanke. Akwai jagaba mai shiga gaba, shi ya san hanya da inda ruwa yake da inda za a sauka. Akwai uban dawaki mai kula da kuɗin fito da gaisuwar sarakunan hanya. Akwai kuma malamin ayari mai rubutu da addu'a da zaɓen ranar tashi. Babbar dabararsu kuwa, wadda mu yau muke rainawa, ita ce lokaci. Tun da asuba ake ɗaura kaya, a yi tafiya da sanyin safiya, rana na take tsaka ko ta ɗan karkata an riga an sauka. Mai gaggawa zai ce an yi asarar rabin yini. Amma da wannan rabin yinin ne ake kiwon jakai, a ɗebo ruwa, mata su dafa abinci, samari su yanko ciyawa su yi bukkoki, a saro ƙaya, a tara itacen da zai kai gari ya waye. Wanda magariba ta same shi yana tafe, ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Tsarin kwanciya ma da ƙa'idarsa, kamar yadda dattawanmu da suka yi fataucin jakai suka ba mu labari. Kaya a tsakiya. Dabbobi a turke kusa da kaya, domin jaki shi ne abin marmarin kura, shi ne kuma mai fara jin warinta, da ya fara huci yana buga ƙafa mai tsaro ya san akwai baƙuwa. Mata da yara kusa da wuta. Maza a kewaye, kai ciki ƙafa waje, kowa da sandarsa ko mashinsa a gefen hannu. Bayan su sai shingen ƙaya, na magarya ko aduwa ko farar ƙaya, a bar ƙofa ɗaya a toshe ta da babban reshe. In an yi yanka, jini da ƙashi da tumbi nesa ake kai su, ta wajen da iska take zuwa ba ta wajen da take fitowa ba. Nama da takalma da salka a rataye su a bisa itace.

Ita kuma wuta, akwai abin da za mu ce game da ita, domin mutane suna ɗauka cewa da an hura ta shi ke nan. Ba haka ba ne. Kura ta saba da wuta, takan tsaya daidai inda haske ya ƙare, ka ga idanunta suna ƙyalli. Amfanin wuta shi ne ta nuna wa mai tsaro abin da ke zuwa, ta kuma ba shi bakin wuta da zai jefa. In kowa ya yi barci, wutar ta zama toka kafin tsakar dare. Shi ya sa ake zaɓen itace: karan dawa da sabara na kunnawa ne, nan da nan suke cinyewa, amma gungumen ƙirya ko na marke shi yake riƙe garwashi har asuba. Shi ya sa kuma ake raba dare kashi-kashi, wannan ya yi tsaro ya ta da wancan. Mai tsaro ba shiru yake yi ba, yana tari, yana gyara itace, yana ƴar hira ko wuridi, don abin da ke bayan shinge ya san akwai ido biyu. Wanda ya yi barci a kan tsaronsa, ko ba a rasa kome ba, ya sha kunya gobe a gaban madugu.

Wannan kalma ta zango har ta zama sunan unguwanni. Akwai unguwar Zongo a nan Yamai, akwai a Kumasi da Lome, akwai Sabon Zango a Ankara ta ƙasar Gana. Ƴaƴanmu da aka haifa a irin waɗannan wurare ba duka suka san cewa asalin sunan shi ne inda ayari ya sauke kaya ya kewaye kansa ba.

WANDA BA SHI DA AYARI

To, amma ba kowa ke da madugu ba. Akwai masu jaki biyu ko uku da ke kai gishirin Foga kasuwanni. Akwai masu koro shanu daga Filinge su bi ta Baleyara zuwa Yamai. Akwai almajirai da malaminsu. Akwai ƴan cin rani masu zuwa Kurmi da ƙafa, irin waɗanda Jean Rouch ya ɗauki tafiyarsu a 1954 cikin fim ɗinsa Jaguar. Su duka abin da suke yi shi ne kwaikwayon ayari gwargwadon hali: su jira juna a rijiya ko a kasuwa har su kai biyar ko goma, su yi ƙoƙari su kwana a gindin gari, in ya yiwu a zauren maigari ko a masallaci. Karɓar baƙo da ake yabon ƙauyukanmu da shi, wani ɓangarensa daga nan ya samo tushe, domin kowa ya san abin da ke jiran wanda aka hana wa masauki.

In dare ya rutsa da mutum shi kaɗai, sai itace. Kura ba ta hawa bisa, saboda haka sai ya nemi tsamiya ko gawo ko wani mai rassa, ya hau, ya ɗaure ƙugunsa da rawani ko igiya a jikin reshe don kada gyangyaɗi ya kayar da shi. Ba barci ake yi ba, jiran asuba ne. Masu kwanan gona kuma sukan kafa rumfa mai tsawo su shimfiɗa karaga a bisanta, kare yana ƙasa. Kare ba ya iya kura, kowa ya san haka, aikinsa haushi ne kawai. Doka ɗaya da duk dattawa suka haɗu a kanta ita ce, kada ka gudu. Ka miƙe tsaye, ka ɗaga sanda, ka daka tsawa, ka yi jifa, ka sa bayanka a jikin itace. Mai gudu ya mai da kansa nama, ga shi kuwa kura tana da dogon numfashi fiye da na mutum.

Waɗanda suka fi shan wuya su ne masu gudun aikin tilas da haraji a zamanin Faransawa, kafin dokar 1946 ta soke aikin tilas. Mutum ya sulale daga inda ake gini ko gyaran hanya, ya nufi ƙasar Ingilishi, watau Nijeriya. Da rana ɓuya yake yi, da dare yake tafiya, ba ya iya shiga gari, ba ya kuma iya hura wuta don kada ta tona shi. Duk abin da fatake suka dogara da shi, shi an raba shi da shi.

SHEKARUN YUNWA

Wanda ya saurari tsofaffi da kyau zai lura da abu guda: labaran da kura ta ci mutane ba a warwatse suke cikin shekaru ba, sun taru ne a shekarun masifa. A wajajen 1891 ciwon bushiya ya shigo ya kashe shanu ba adadi, daji ya cika da mushe. A 1913 zuwa 1914 aka yi yunwar da Hausawa suke kira Kakalaba, Zabarmawa kuma Gande Beri. A 1931 fara ta cinye amfanin gona a yammacin ƙasar nan, ga haraji ba a sassauta ba, mutanen Zabarmaganda da sauran ƙasar Zabarma suka bar garuruwansu, waɗansu suka nufo Yamai neman abin sawa a baka, waɗansu suka yi kudu, da yawa suka faɗi a hanya. Malam Boureima Alpha Gado na jami'ar Yamai ya tattara tarihin waɗannan yunwoyi a littafinsa na 1993, mai son ƙarin bayani sai ya nema.

Abin da ya shafi zancenmu a nan shi ne yadda yunwa take rushe zango. Mai jin yunwa ba shi da ƙarfin saran ƙaya, ba ya iya tsayuwar dare. Jama'a ba ta tafiya tare, mai sauran ƙarfi ya yi gaba, tsoho da mai goyo su rage a baya. Ƙauyen da ya saba karɓar baƙo ya rufe ƙofa, don shi ma ba shi da abin bayarwa. Ga shi kuma ba a iya haƙa kabari mai zurfi, balle a rufe shi da ƙaya kamar yadda aka saba yi don hana tono. Kurar da ta saba da gawar mutum kuwa, tsoron mai rai yana raguwa a wurinta. Duk hanyoyin da suka shigo Yamai daga arewa sun ga irin wannan a 1931, kuma ta wannan tudu da muka gina gidajenmu a kai suka ratsa.

Ba a ƙasarmu kaɗai abin yake haka ba. A gundumar Mulanje ta ƙasar Malawi, daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa farkon shekarun 1960, kuraye sun kashe mutum 27. Da aka duba sai aka ga yawancin abin ya faru ne a lokacin zafi, wajen watan Satumba, sa'ad da mutane suke fitowa su kwana a waje. Can ma mai barci a fili ba tsaro shi aka ɗauka.

Wani abin mamaki shi ne, wannan dabba da ake tsoro haka ita ce sakaryar tatsuniya. Kullum Gizo yana yi mata wayo, kullum kwaɗayi yana kai ta ga halaka. Gardawa kuma su sa mata takunkumi su ja ta cikin kasuwa, har aka sami karin maganar nan, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. A gefe guda kuma ga masu cewa akwai mutanen da suke rikiɗa su zama kura da dare, zancen da ya jawo wa bayin Allah da yawa zargi ba gaira ba dalili. Mu dai muna ganin tsofaffin mata sun san abin da suke yi. A cikin gida, bayan an rufe ƙofa, suke ba yara labarin wautar kura, yaro ya yi dariya ya yi barci. Ranar da zai fara bin ubansa tafiya, sai a koya masa ɗaya rabin. Tsoro na daji, kunya na gida. Matafiyi Musulmi kuma ba ya sauke kaya sai ya yi addu'ar sauka masauki da aka koya mana, sa'an nan ya ɗauki gatari ya nufi ƙaya.

YADDA KURA TA BAR MU

Ba jaruntaka ce ta kore ta ba. Na farko guba. Tun zamanin Faransawa har bayan ƴancin kai, ma'aikatar kiwo takan zuba wata guba mai suna sitirikinin a jikin mushe don kashe kuraye da diloli masu ɓarna a garke. Rahoton da ƙungiyar duniya mai kula da halittu ta fitar a 1998 a kan kuraye ya ambaci irin wannan kisa cikin abin da ya rage su a Nijar. Makiyayin da kura ta sha yi wa ɓarna ya yi murna, ba mai ganin laifinsa. Sai dai guba ba ta zaɓe, ta haɗa da ungulu da karnuka da duk mai cin mushe. Yau in jaki ya mutu a bakin kwazazzabo sai ya yi kwanaki yana wari, aikin da da a dare ɗaya ake gama shi.

Na biyu gatari da hauya. Mutanen Nijar wajen miliyan 3 ne a 1960, a 2012 sun kai miliyan 17. Saura ta zama gona, gona ta zama fuloti. Barewa da gada da gyadon daji da kura take farauta suka ƙare a kewayen gari. A 1965 aka fara dasa dogon yaro a gefen Yamai don kare garin daga iska da rairayi, watau har ta kai sai mutum ne yake shuka wa kansa daji. Na uku mota, wadda ta mai da tafiyar kwana biyar ta zama ta yini guda, zangon hanya ya mutu. Da aka yi farin 1973, dubban mutane, yawancinsu Buzaye, suka zauna a sansanin Lazare nan kusa da mu cikin tantuna da rumfunan tabarma, abin da ya fi damunsu yunwa ce da cuta.

Wanda yake son ɗansa ya ga kura, sai ya kai shi gidan tarihi na ƙasa da aka buɗe a 1959, wanda yake ɗauke da sunan Bubu Hama, inda aka daɗe ana ajiye su a keji. Waɗanda suka rage a sake kuwa, mafi yawansu suna can gandun dajin W, wanda aka kafa a 1954, wajen kilomita 150 kudu da Yamai.

Saboda haka, samari, abin da kuke ji a gonakin gida da dare, kusan kullum dila ne ko karnukan gari. Haɗarinsu guda ne, ciwon haukan kare. In kuka ga dila ya shigo cikin mutane ba tsoro, ko yana tangaɗi yana dalalar da miyau, ku nisance shi. Wanda aka ciza ya wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a kai shi likita a ranar a fara masa allura, kada a tsaya jiran sai ciwo ya nuna, domin in ya nuna ba ya warkewa. Maciji da kunama da ke shiga ƙarƙashin dami sun fi dila cutar da masu kwanan gona nesa ba kusa ba, shi ya sa kwana a bisa rumfa har yanzu yana da amfani.

Akwai kuma abin da ba za mu ɓoye ba. A waɗansu wurare abin tsoron dare yanzu mai ƙafa biyu ne. Tun 2017 aka sa dokar ta-ɓaci a sassan jihar Tilaberi, ciki har da Walam. Ran 9 ga Agusta 2020 ƴan bindiga suka kashe mutum 8 a dajin raƙuman dawa na garin Kure, wajen kilomita 60 daga Yamai. A irin waɗannan wurare wutar da take taimakon mai tsaro a kan kura ita ce take nuna wa mugu inda mutum yake, kamar yadda ta kasance ga masu gudun aikin tilas. Can ba ma ba kowa shawarar kwanan daji, a kwaso amfanin gona da rana a kawo gida, a kuma bi abin da maigari da hukuma suka ce.

Waɗanda gonakinsu suke inda babu wannan fitina, kwamiti yana roƙon kada kowa ya tafi shi kaɗai bana. A haɗu huɗu ko biyar, a isa gona da sauran rana, a tafi da tocila da gatari da takalma masu rufe ƙafa, a raba dare tun kafin a ci tuwo. Sakataren ƙungiya zai rubuta sunayen masu tafiya ranar taron wata, don a haɗa waɗanda gonakinsu suke maƙwabtaka. Dattawan da suka yi fataucin jakai ko koron shanu kuma, muna roƙonsu su halarci taron, akwai sunayen zangunan hanyar Filinge da ta Walam da muke so mu rubuta daga bakinsu don fitowa ta gaba.